"Ba ka gane ni ba?": Yaron da ke ganin fuska amma ba ya gane mai ita

Ƙarar Auta ta riga shi isowa gida. Wata Alhamis ce cikin hunturu, kasuwar Batsari na ci, Kawunmu ya taso daga Safana ya zo sayen dankali. A tsakanin 'yan dankalin da bakin tasha suka yi kiciɓis da Auta, ido cikin ido, har kafaɗunsu suka gogi juna. Auta ya dube shi, ya kauce masa kamar yadda ake kauce wa kowane dattijo, ya yi gaba abinsa. Bai durƙusa ba, bai ce "ina wuni" ba, balle ya karɓi kayan da ke hannunsa.

Da Kawu ya shigo gida ko zama bai yi ba. A tsaye ya shaida wa Inna cewa ɗanta ya shiga sakandare ya fara jin kansa, har ya kai ga kallon ƙanen uwarsa ya ɗauke kai a bainar jama'a. Da Auta ya dawo aka tsare shi, sai ya rantse shi bai ga Kawu a kasuwa ba. Wannan rantsuwar ce ta ƙara dagula lamarin, domin laifi ya zama biyu, girman kai da ƙarya. Baba ya ɗauko bulala. Mu kuma yayyensa muka zama shaidu a kansa, saboda babu wanda bai taɓa yi wa haka ba a cikinmu.

Shi ne autan ɗakinmu, kuma da wannan sunan na gida za mu tsaya a nan. Yanzu yana aji biyu na babbar sakandare. Shekara huɗu muka ɗauka kafin mu gane cewa gaskiya ya faɗa ranar nan. Idonsa ya ga wani dattijo da ya naɗe kansa da hirami saboda ƙura. Kawun da shi ya sani kuwa mutum ne mai jar dara da tsohon babur, mai gyaran murya sau biyu kafin ya yi magana. Ranar babu dara, babu babur, kuma Kawu bai ce uffan ba, yana jiran a gaishe shi, kamar yadda babba ke yi.

Lalura ce, kuma tana da suna

A shekararmu ta farko a jami'a muka ci karo da labarin wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Oliver Sacks, haifaffen Landan da ya yi aikinsa a Amurka, ya rasu a 2015. Ya ba da labarin yadda ya sha ba wani ƙaton mutum mai gemu haƙuri don ya kusa bangazar sa, sai daga baya ya gane madubi ne a gabansa. Da farko dariya muka yi. Muna cikin dariyar sai Auta ya faɗo mana a rai.

Masana na kiran lalurar furosofagnosiya, daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya na nufin fuska, ɗaya rashin sani. Da Hausa muna iya cewa makantar fuska, amma kada sunan ya ruɗe ku, lafiyar ido ƙalau. Mai ita yana ganin hanci da baki da gira sarai, yana iya karanta rubutun allo daga kujerar baya. Abin da ke gagarar sa shi ne haɗa waɗannan sassa su zama "wane". Wani likita Bajamushe, Joachim Bodamer, shi ya raɗa mata suna a 1947, bayan ya duba marasa lafiyar da suka ji rauni a ka, cikinsu har da wani saurayi ɗan shekara 24 da harsashi ya same shi. Ya rayu, amma ya daina gane danginsa da abokansa, har da fuskar kansa a madubi.

A can ƙasan ƙwaƙwalwa, wajen bayan kunne, akwai wani ɗan yanki da ke tashi aiki duk lokacin da mutum ya kalli fuska, musamman na ɓangaren dama. Nancy Kanwisher da abokan aikinta ne suka fito da bayaninsa a 1997 ta hanyar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Idan wannan yanki ko hanyoyin da ke haɗa shi da sauran sassa suka taɓu, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki ko buguwar kai, mutum na iya wayar gari bai gane matarsa ba. (Masu tsere da babur babu hular kwano, wannan ma yana cikin abin da kuke sayowa.) Sai dai mafi yawan masu lalurar haka suka tashi da ita tun yarinta, ba tare da wani rauni ba, kuma takan bi jini. Shi kansa Sacks ya gano yayansa na fama da irin tasa.

Ba kuma abu ne mai wuyar samu ba. Wani bincike da aka yi a garin Munsta na Jamus, aka buga a 2006, ya duba ɗalibai 689, 'yan sakandare da masu karatun likita, ya samu 17 da alamunta. Kusan mutum ɗaya ke nan cikin 40. Ku ƙirga yawan 'yan ajinku. Idan lissafin nan ya hau kanmu, to da wuya a rasa mutum ɗaya ko biyu a ciki, kuma mai yiwuwa kun riga kun sa masa suna: mai ji da kai, ko sakarai, ko wanda ba ya son mutane.

Daren da muka gwada shi

Da muka dawo hutu, sai muka tattaro hotunan bikin wata yayarmu. Muka samu takarda muka huda ta daidai faɗin fuska, ta yadda za ta rufe hula da ɗankwali da riga. Bayan sallar isha'i muka zauna a tsakar gida da fitilar waya. Ƙanwar Baba da ke aji shida na firamare a lokacin, wadda muke goyo, ita muka fara gwadawa. Tun kafin takardar ta gama zama take faɗin suna. Da aka zo kan Auta, hoto goma sha biyu muka nuna masa, biyu ya ci.

A hoto na bakwai ya daɗe yana kallo, ya ce ko malamin Islamiyyarsu ne. Baba ne. Kuma Baban yana zaune a gefensa a kan tabarma. Ba mu taɓa jin tsakar gidanmu ta yi shiru irin na daren nan ba.

Duk da haka Baba bai sallama nan take ba, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. Auta na kiwon tantabaru fiye da ashirin, ya san kowace, ya san mijinta, yana gane baƙuwa tun tana kan katanga. Yaya yaron da ya san tantabara zai ce bai san ubansa ba? Amsar ita ce, ga alama ƙwaƙwalwa ba ta bin hanya ɗaya wajen gane fuskar ɗan Adam da gane sauran abubuwa. A 1993 masu bincike biyu a Ingila suka buga labarin wani mutum da shanyewar ɓarin jiki ta raba shi da gane fuskokin mutane. Daga baya ya koma kiwon tumaki, kuma da aka gwada shi da hotuna, ya fi gane fuskokin tumakinsa nesa ba kusa ba a kan na mutane.

In kuna so ku ɗanɗana abin da Auta ke ji, ku tuna makiyayi da garkensa. Mu in mun ga shanu hamsin farare, farare kawai muka gani. Shi kuwa kowace da sunanta, da uwarta, da halinta. Yadda garken nan yake a idonmu, haka taron suna yake a idon Auta. Ko ku ɗauki hoton 'yan wani aji da ba naku ba sosai, ku juya shi kai ƙasa, ku ga yadda sunaye za su riƙa kuɓuce muku.

Hotuna biyun da ya ci kuwa, ɗaya Kakarmu ce, saboda tsagar da ke kumatunta, ɗaya kuma wani maƙwabcinmu mai bille. Nan muka lura da wani abu. A zamanin kakanninmu, askar wanzami na rubuta wa mutum asalinsa a fuska, ana ganin Bagobiri daga nesa a san shi. Yaro irin Auta a wancan lokaci yana da abin kamawa. Yau an bar tsaga, kuma ba muna cewa a dawo da ita ba ne, amma samarin garinmu duka aski ɗaya, ɗinki ɗaya, hula iri ɗaya. Abin da ya rage masa na gado shi ne laƙabi. Dogo, Gajere, Jatau, Duna, Mai Gemu, waɗannan ba ya ɓata su.

Inda al'adarmu ta matse shi

A wurinmu gaisuwa ita ce ma'aunin tarbiyya, kuma ƙa'idarta a fili take: ƙarami ke fara gaida babba. Babba yakan tsaya ne ya yi shiru, ya ga ko yaron nan ɗan gidan mutunci ne. To shi mai makantar fuska da murya yake gane mutane. Wato abin da yake buƙata kafin ya gane ka, shi ne ainihin abin da al'ada ta ce kada ka ba shi sai ya gane ka. A wannan tarkon Auta ya faɗa a kasuwa, kuma a cikinsa yake faɗawa duk ranar Sallah idan muka je yawon gaisuwa Safana, inda kowa ya sa sabon ɗinki, mata sun sha kwalliya, duk alamomin da ya haddace sun goge a dare ɗaya.

Sannan ga tambayar nan da manya ke son yi wa yara, suna murmushi: "Ka gane ni kuwa? To faɗi, wane ne ni?" A wurin mai tambaya wasa ne. A wurin Auta jarrabawa ce da ake yi masa a gaban mutane, wadda ya san zai faɗi.

Don haka ya ƙirƙiro dabarunsa, tun kafin ya san abin da ke damun sa. Yana gaida duk wani babba da ya haɗa ido da shi, ko ya san shi ko bai sani ba, har ana yi masa dariya wai ɗan siyasa. Ba ya kiran suna a farkon gaisuwa, sai ya ja "ina gajiya, ya gida, ya mutanen gida" har mai amsawa ya saki wata kalma da za ta tona ko shi wane ne. Yana kallon ƙafa kafin fuska, domin mutum ya fi daɗewa da takalminsa a kan rigarsa. Ya san tafiyar kowa a layinmu, ya san ƙarar babur ɗin kowa. A makaranta ya haddace wurin zaman 'yan ajinsu, shi ya sa ranar da aka sauya musu kujeru ya yi mako guda kamar sabon ɗalibi. Lokacin korona, da kowa ya rufe hanci da baki aka riƙa ruɗewa, shi ko a jikinsa. Ya ce mana karon farko ke nan da ya ga sauran mutane na kallon takalma.

Fim kuwa wahala ne. Jarumi na sauya kaya ya zama wani mutum daban. Fassarar fina-finan Indiya ta fi ba shi haushi, domin murya ɗaya ke yi wa mutum uku ko huɗu magana. Ƙwallo ya fi so, saboda kowa da lamba a bayansa.

Ga 'yan mata abin ya fi tsauri. Da muka ba da labarin nan a jami'a, wata 'yar ajinmu ta yi tsaki ta ce ai ita haka ta yi shekara shida a makarantar kwana. Ku duba filin taron safe: ɗaruruwan 'yan mata, hijabi launi ɗaya, tsawo ɗaya, ba a ganin kitso, ba a ganin ɗan kunne. Abin da kawai aka bari a buɗe shi ne fuska, wato shafin da ba ta iya karantawa. Da jaka da safa da zanen lalle ta rayu. An sha hukunta ta don ta wuce siniya ba ta gaishe ta ba, kuma ƙawa ɗaya tak ta riƙe, wata doguwa mai wushirya da ba ta ɓace mata a taro.

A Batsari da Safana, ba maganar kunya kaɗai ba ce

Da a wani wuri muke, da sai mu ce abin bai wuce jin kunya ba. Amma ƙananan hukumomin nan biyu suna bakin dajin Rugu, kuma kun san abin da muka gani. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. A watan Satumban 2021 har layukan waya aka katse mana. Mutanen ƙauyuka da yawa sun baro gidajensu sun dawo cikin gari wurin dangi. Tun daga nan kowane gida ke yi wa yara huɗuba iri ɗaya: in ka ga baƙuwar fuska ka faɗa, kada ka hau babur ɗin wanda ba ka sani ba, kada ka nuna wa baƙo gidan kowa.

Duk huɗubar nan an gina ta ne a kan cewa yaro na iya bambanta fuskar gida da baƙuwa. Auta ba ya iyawa. Kuma dabarar da ya koya don kauce wa bulala, wato ya ɗauki duk wanda ya yi masa fara'a a matsayin sananne, ita ce mafi haɗari a nan. Wata rana da magariba yana dawowa daga gona, wani mai babur ya tsaya ya kira sunansa, ya ce hau in rage maka hanya. Ya hau. Sai da suka yi nisa mutumin ya tambayi jikin Inna, sannan ya gane muryar ɗan maƙwabcinmu ne da ya aro babur. Allah ya tsare. Amma da muka tambaye shi me ya sa ya hau tun bai gane ba, sai ya ce ya ji tsoron a sake cewa yana wulaƙanta mutane. Mu ne muka koya masa wannan tsoron, da bakinmu da bulalarmu.

Akwai ɗaya gefen kuma. A wurin da kalmar "infoma" ke iya jawo wa mutum duka ko abin da ya fi duka, yaron da aka gani yana hira da wanda bai kamata ba, ko yana kwatanta masa gida, zai sha wuyar bayani. Haka nan in 'yan sintiri suka tsayar da wani suka ce wa Auta "ka san wannan?", duk amsar da ya bayar tana iya cutar da wani. Mun gaya masa, kuma muna gaya wa duk mai irin lalurarsa: kada ka taɓa ba da shaida a kan fuska. Ka ce ba ka iya gane fuska, a nemi wani.

Manyan mutane ma na ciki

Jane Goodall, Baturiyar da ta yi suna wajen nazarin birai a dajin Gombe (na Tanzaniya, ba namu ba) tun daga 1960, ta yi fama da ita. Jarumin fim ɗin Amurka Brad Pitt ya faɗa a 2013, ya sake faɗa a 2022, cewa yana jin yana da ita, kuma mutane na ɗaukar sa mai girman kai. A ɗaya ƙarshen kuma akwai masu baiwar da ba sa manta fuska ko sau ɗaya suka gani, har 'yan sandan Landan suka ware irinsu suna duba musu hotunan kyamarorin tsaro. Mu ma muna da su. Kowace unguwa akwai tsohuwar da za ta kalli yaron da ba ta taɓa gani ba ta ce wannan jikan wane ne, kuma ta dace. Yawancinmu muna tsakiya ne, tsakaninta da Auta.

In kana zargin kana da ita

Ka fara da asibitin ido. Rashin gani daga nesa ya fi makantar fuska yawa, kuma tabarau ke maganinsa. In idonka lafiya, ka tambayi kanka: kana ɓata mutanen gidanku in ka gamu da su a inda ba ka zata ba? Manta sunan wanda ka gane daban ne, wannan kowa na yi. Akwai gwaji a intanet da ake kira gwajin tuna fuska na Kambirij, wanda Brad Duchaine da Ken Nakayama suka fitar a 2006. Sai dai fuskokin Turawa ne a cikin na asalin, kuma kowa ya fi gane fuskokin irin mutanen da ya tashi a cikinsu, don haka faɗuwa a can kaɗai ba hujja ba ce. Gwajin takarda mai huda da hotunan gida ya fi kusa da rayuwarka. In kuwa da kana gane mutane sai abin ya ɗauke farat ɗaya, ko bayan faɗuwa, ko tare da ciwon kai mai tsanani, wannan na gaggawa ne, a tafi asibiti a ranar.

Wadda aka tashi da ita ba ta da ƙwaya ko allura, kuma ba aikin sammu ko iska ba ne da za a kashe kuɗi a kai. Abin da ya sauya rayuwar Auta ba a saye shi da ko sisi ba. Mun je mun yi wa malamin ajinsu bayani. Abokinsa na kusa ya zama mai raɗa masa suna in wani na tunkaro su. A gida kuma muka sa doka: duk wanda ya gamu da shi a waje, ya haɗa sallama da sunansa. Ba ma sabon abu ba ne, tun a Islamiyya aka koya mana cewa in ka yi sallama aka ce wane ne, ka faɗi sunanka, kada ka ce "ni ne". Game da babur kuma, komai fara'ar mai shi, Auta ba ya hawa sai ya faɗi ko shi wane ne da gidan da ya fito.

Shawo kan manya shi ne aikin. Wata gwaggonmu har gobe cewa take mun je jami'a mun samo wa rashin kunya sunan Turanci. Baba bai taɓa tayar da maganar bulalar nan ba, amma tun daga daren hotuna, in ya hango Auta a hanya shi ke fara yin gyaran murya.

Kawu ne ya fi ba mu wuya, sai da Inna ta je Safana da kanta da hotunan da takardar. A Sallar da ta wuce muna shiga zaurensa, yana zaune cikin dattawa huɗu, duk da fararen kaya, babu jar dara a kan kowa. Muka ga Auta ya rage tafiya, idonsa ya sauka kan jerin takalman da ke bakin ƙofa. Kawu ya bar shi ya ɗan yi daƙiƙa biyu, sannan ya ɗaga hannu ya ce, "Auta, ga ni nan ta hagu. Kawunka ne. Darar tana wurin wanki."